Motar Da Ba Ta Jin Hannun Kowa

Shekara tara Kyaftin ya yi yana riƙe da aikinsa da hannun dama.

Ba wai hagun ya mutu ba ne. Yana nan, shi ke ɗaga wa mutane gaisuwa ta taga, shi ke sosa ƙeya in an yi tambaya mai wuya. Amma tuƙin motar Likita, wata doguwar tsohuwar mota ruwan toka, aikin dama ne. Motar tana jan hagu. In ka saki sitiyarinta na ƙiftawar ido, sai ta karkace kamar akuya ta hango ganye.

Babu wanda ya san dalili sai Kyaftin. Wata safiya, yana dawowa shi kaɗai daga kai Auta, 'yar Likita, makaranta, ya leƙo kai yana yi wa wani abokinsa tsiya, ƙafar gaba ta hagu ta haye dutsen gefen titi. Ƙarar har cikin haƙoransa ya ji ta. Ya sauko ya zagaya motar sau biyu, bai ga ko kwarzane ba, ya ja bakinsa ya yi gum. Daga ranar motar ta fara jan hagu, shi kuma ya fara jan dama, suka haɗu a tsakiya.

Sati biyu bayan nan babban ɗan Likita ya ari motar. Bai kai ƙarshen layi ba ya goge katangar maƙwabci. Ya dawo yana rantse-rantse cewa ƙwacewa ta yi. Kyaftin ya shafa gemu ya ce, "Ai motar nan ba kowane hannu take ji ba."

Don ya tsira ya faɗa. Sai ga shi maganar ta zama jari.

Da ya kwanta zazzaɓi aka kawo direban aro, mutumin ya dawo sharkaf da gumi, ya ajiye makulli a kan tebur ya ce ko kyauta ba ya so. Na biyun ma haka. Kafin shekara ta zagayo, duk layin ya san cewa motar Likita tana da hali, kuma mutum ɗaya take wa biyayya. A lokacin ne ya raɗa wa kansa suna Kyaftin. Ya koma shafa mata goshi da safe yana cewa, "Tsohuwa, mun tashi lafiya?" In ya kai ta canjin mai, yana tsaye a kan bakanike har a gama. Duk wanda ya kalli tayoyin gaba ya ce, "Baba, motar nan tana son alaimen, a saita mata ƙafafu," sai ya sha kunu ya ce, "Shi ya kawo mu?"

Tayoyi kam suna shan wahala. Duk bayan 'yan watanni na gaba sun cinye ta gefen ciki, sumul kamar tafin hannu, alhali gefen waje ko ƙuruciya bai gama ba. Kyaftin ya ce tayoyin zamani ne, roba ce kawai da baƙin fenti. Likita ya sayi sababbi. Tsofaffin kuma Kyaftin ya jera su bayan tankin ruwa, inda ba mai zuwa.

Shekarunsa sittin da uku. Ɗakuna biyu na bayan gidan Likita, can yake zaune da matarsa. Ya sani sarai ba mai ɗaukar direba sa'ansa a yau, ga idon hagu ya fara hazo. Motar nan ita ce rufin asirinsa, muddin tana karkace.

Sai Auta ta dawo gari.

An yi wa Likita aiki a gwiwa, ya koma zama a keken marasa lafiya, ita kuma ta nemi canjin wurin aiki ta kama gida layi biyu da nasu don ta kula da mahaifinta. Yarinyar da Kyaftin ya yi ta kaiwa makaranta da jakar goyo, yanzu ta zama mace mai tabarau da ɗan littafi a jaka, irin waɗanda in ka ce musu ana ruwa sai sun miƙa hannu waje. A satin farko ta sa aka gyara famfo uku, ta zubar da magungunan da suka wuce lokaci, ta kori mai kawo gas. Keken ma bai tsira ba. Duk la'asar in ta turo Likita a baranda sai keken ya karkata hagu ya gogi bango.

"Komai na gidan nan karkatacce ne," in ji ta. "Abba, wa ya sayo keken nan?"

"Yayanki."

"Shi ya sa."

Ranar Talata tanki ya fara yoyo, ta zagaya baya da kanta. Kyaftin yana wankin mota ya ji ta kira shi da wata murya mai sanyi da bai so ba.

"Baba Kyaftin, zo ka gani."

Ya same ta tsugune gaban tarin tayoyin, tana bin su da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Duk gefe guda suka cinye."

"Tayoyin zamani ne, Auta. Roba ce kawai da—"

"Kamfani huɗu daban-daban ne a nan. Duk sun haɗa baki su cinye ta ciki?" Ta miƙe tana kaɗe hannu. "Yaushe rabon motar nan da alaimen?"

Hannun hagu ya tafi ƙeya. "Ai ba ta so."

"Wa?"

"Motar."

Ta cire tabarau ta kalle shi, ta mayar.

A baranda aka yi shari'ar. Likita na zaune a kekensa da jarida a cinya, tsoho mai ƙarancin magana da idanu kamar na mai ƙirga numfashin mutum. Auta ba ta yi kwana-kwana ba. Abba ba ya fita yanzu sai asibiti sau biyu a sati da ziyarar abokai ranar Lahadi. Ita tana nan, tana da lasisi. Abu ɗaya ya sa ake riƙe da direba, wai motar ba ta jin hannun kowa.

"Gobe za mu kai ta a saita ƙafafunta," ta ce. "In an gama ni zan tuƙo ta gida. In ta ƙi ni, na yarda tana da aljanu, Baba Kyaftin ya ci gaba da abinsa har illa ma sha Allahu. In ta zo lafiya, to sai a yi masa sallama ta mutunci ya je ya huta. Ya yi ƙoƙari."

"Yallaɓai," in ji Kyaftin, "motar nan in aka taɓa mata ƙafa, ba ruwana da abin da zai biyo baya."

Likita ya juya shafin jarida. "Ku je ku dawo."

Garejin Mai Saiti rumfar kwano ce doguwa da rami a tsakiya, da wata na'ura mai allo a gefe an lulluɓe ta da tsohon labule saboda ƙura. Mai Saiti kansa gajere ne mai tumbi, da biro a bayan kunne da bakin da ba ya hutu. Ya tsaya a bakin rami yana yi wa Kyaftin alama da hannu, zo, zo, dama kaɗan, tsaya. Kyaftin ya ɗora motar a kan faranti biyu na ƙarfe cas, ko gyara bai yi ba.

"Direba!" in ji Mai Saiti. "Yau na ga tsohon hannu."

Kyaftin ya ɗan ji daɗi, duk da halin da yake ciki.

Mai Saiti ya duba iskar tayoyi, ya girgiza kowace ƙafa da hannu biyu yana saurare kamar mai gwada kankana. Ya maƙala wasu ƙarafa masu madubi a jikin ƙafafun huɗu, ya yaye labule, ya kunna allo. Lambobi suka fito. Na baya kore. Na gaba ja wur.

Ya kashe na'urar ya sake kunnawa. Ja dai.

"Anti," ya ce da Auta, "da ƙafarta motar nan ta zo, ko ɗauko ta aka yi?"

"Da ƙafarta."

"Ikon Allah." Ya dira cikin rami da tocila. Muryarsa ta fito daga ƙasa. "Ƙafar dama tana son zuwa gida, ta hagu tana son zuwa kasuwa. Sun yi shekaru ba sa ga maciji. Anti, leƙo ki ga tayarod, wannan sandar da ke haɗa sitiyari da ƙafa. Miƙaƙƙiya ake yin ta. Wannan ta lanƙwashe kamar ayaba. Ga hannun ƙafar ma ya sha duka. An taɓa hawa dutse da ita."

"Yaushe?"

"Tsatsar da ke kan lanƙwasar ta isa shiga firamare."

Auta ta juyo. Kyaftin ya duƙufa karanta wata kalanda da ke jikin bango, ta shekarar da ta wuce.

Da ta fita amsa waya, ya lallaɓa bakin ramin ya tsuguna.

"Ɗan'uwa," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kai ma kana da iyali."

"Ina da su, Baba, suna gaishe ka."

"Ka gyara, ban hana ka ba. Amma ka bar mata ɗan ja. Kaɗan. Yadda baƙon hannu zai ji."

Mai Saiti ya ɗago, tocila a baki. Ya cire ta. "In bar mata me?"

"Yi a hankali mana!"

"In bar mata ja?" Muryar ta cika rumfar, har mai facin da ke gefe ya leƙo. "Shekara ashirin ina miƙe ƙafar mota, yau an zo a ba ni kwangilar karkatarwa! Baba, allon nan takarda yake fitarwa, kuma Anti irin masu karanta takarda ce." Sai ya ƙura masa ido. "Tsaya. Miƙe tukuna."

Kyaftin ya miƙe ba tare da ya san dalili ba.

"Mai faci, zo ka ga abin mamaki! Dubi damtsen dama, dubi na hagu. Ɗaya na ɗan dambe, ɗaya na tela. Kafaɗar ma ta sauka. Baba, wallahi in na maƙala maka madubin nan, ja za ka nuna."

Mai faci ya yi dariya har da riƙe ginshiƙi. Kyaftin ya koma kan benci ya zauna, ya saka hannun daman a aljihu.

Awa biyu aka yi. Aka canza sandar da hannun ƙafar. Mai Saiti ya daidaita sitiyari a tsakiya ya danne shi da wani ƙarfe, ya koma rami da sifana biyu, yana murɗawa kaɗan yana leƙen allo, yana murɗawa yana leƙe. Kyaftin na kallon lambobin suna sauka. Ja ya koma ruwan ɗorawa. Ruwan ɗorawa ya koma kore. Bai taɓa tsanar wani launi haka ba.

Auta ta karɓi makulli. Karo na farko a shekara tara, Kyaftin ya zauna a kujerar mai zaman banza.

Ya yi ta jira. Sun fita layin gareji, sun hau babban titi, yana jiran Tsohuwa ta tuna da shi. Ko alama. Tafiya take santal kamar an ja ta da zare. A wani miƙaƙƙen wuri Auta ta ɗaga hannayenta biyu daga sitiyari, ta riƙe su a sama tana ƙirgawa.

"Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu. Baba Kyaftin, aljanun sun yi tafiya ne?"

"Riƙe abinki, Auta, ana mutuwa a titi."

"Har da yatsa biyu ma tana ji. Ka ga?"

Ya gani. Ya kalli goshin motar da yake shafawa kullum, ya ce a ransa, maciyiya amana.

Da suka shigo layinsu ya hango ƙofar gida a buɗe, da Likita a baranda cikin kekensa yana jira. Shekara goma sha bakwai yana shigar da motar nan gidan nan, yau za a shigo da shi kamar buhu.

"Ranki ya daɗe," ya ce. Bai taɓa ce mata haka ba. "Kin ci. Ban musa ba. Amma ki bar ni in shigar da ita da hannuna. Yallaɓai ya ga ni ma ina iya ta a miƙe. Ko ba komai ya san ba karkata kaɗai na iya ba."

Ta dube shi. Mutumin da ya taɓa komawa gida sau biyu a rana ɗaya saboda ta manta littafin lissafi. Ta taka birki, ta fita ta zagayo.

Gidaje uku ne tsakaninsu da ƙofar. Kyaftin ya gyara zama, ya gyara madubi, ya ce wa kansa, a miƙe take, kar ka ja, a miƙe take. Ya saka giya. Gida na farko lafiya. Na biyu lafiya. A na uku maƙwabcin nan mai katanga ya ɗago hannu daga inda yake ban ruwan fulawa, ya ce, "Kyaftin na Tsohuwa!"

Hannun hagu ya tashi amsa gaisuwa, kamar kullum. Aka bar dama shi kaɗai da sitiyari, shi kuma ya yi abin da ya shekara tara yana yi.

"Baba! Dama kake yi! Baba Kyaftin!"

Ya ji ta. Kansa ya ce hagu, damtsen ya ce bai san zancen ba. Motar, da yanzu take jin hannun kowa, ta ji nasa. Ta tafi dama cikin ladabi, ta haye dutsen gefen titi, ta zura ƙafar gaba cikin kwata, ta tsaya da hanci a ƙasa da gindi a sama, tazarar taku goma daga ƙofar gida.

Shiru. Sai ƙarar murfin taya yana gangarawa shi kaɗai, ya shige gidan Likita, ya yi juyi uku a tsakar gida ya kwanta.

Ba wanda ya ji ciwo. Auta ta fito ta tagar ɓangarenta don ƙofar ta ƙi buɗuwa, tabarau a karkace. Ta duba ƙafar motar, wadda yanzu take kallon wani gari daban. Maƙwabci ya zo da tiyo a hannu, ruwa na zuba a takalminsa, yana cewa, "Shekara tara ana ce min ɗan Likita ne bai iya tuƙi ba."

Kyaftin ya zare makulli. Ya taka har baranda, ya ajiye shi a kan jaridar da ke cinyar Likita, ya tsaya da kai a ƙasa.

"Yallaɓai, ni na hau dutse da ita. Tun Auta tana makaranta."

"Na sani."

Ya ɗago.

"Likita nake, ba makaho ba," in ji tsohon. "A bayanka nake zama. Shekara tara ina kallon kafaɗar nan tana sauka. Na so in rubuta a kanka ma."

"Abba!" Auta ta iso tana haki. "Ka sani, kake ta sayen tayoyi?"

"Da tayoyi da yayanki ya riƙa arar min mota, wanne ya fi sauƙi?"

Auta ta ɗauki makullin ta jefa a jakarta, ta ja zif har ƙarshe.

"Magana ta ƙare. Baba Kyaftin ba zai sake taɓa sitiyari a gidan nan ba. Ko na keken yara ne. Ƙarshen wata ya tattara."

Likita bai ce a'a ba. Ya dubi motarsa a kwata, ya dubi 'yarsa, ya yi ajiyar zuciya. "Rana ta zo kaina. A mai da ni ciki."

Auta na neman lambar mai janwe a waya don a zo a ciro motar. Kyaftin, da bai san inda zai sa kansa ba, ya zagaya bayan keken ya kama hannayensa. Ya tura.

Barandar doguwa ce, da bango a hagu wanda keken ya gama kankare wa fenti a sati uku. Keken ya nemi bangonsa kamar kullum. Damtsen dama ya ji jan, ya gane tsohon aboki, ya amsa. Suka haɗu a tsakiya. Keken ya tafi santal a kan layin tayil ɗaya, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya shige ƙofar falo ba tare da ya taɓa ko labule ba.

Likita ya ɗaga yatsa. "Koma da ni."

Ya juya da shi suka dawo. Layin tayil ɗaya.

"Sake."

Auta ta sauke waya daga kunne tana kallo. Sati uku tana kokawa da keken nan, har gwiwar hannunta ta goge.

"Sitiyari kika ce," in ji Likita. "Wannan ba shi da sitiyari. Asibiti ma ana buƙatar mai turawa, kuma ke kin kusa ƙarar min da bango. Ya zauna a ɗakunansa."

Auta ta tsuguna a gefen keken, ta gyara tabarau, ta bi ƙaramar ƙafar gaba ta hagu da yatsa. Robar ta cinye ta gefe guda.

"Ƙafar nan a lanƙwashe take," ta ce. "Aikin minti goma ne. In an zo jan mota sai a haɗa da shi, Mai Saiti ya—"

"Kar ki taɓa!"

Tare suka faɗa, na zaune da na tsaye.

Kyaftin ya juya keken a hankali, ya shafa masa hannu sau biyu yadda yake wa goshin mota, ya duƙa daidai kunnen Likita, amma da ƙarfin da Auta za ta ji.

"Yallaɓai, ai keken nan ba kowane hannu yake ji ba."